Ɗan Hawandawaki da allon da ba ya shan tawada

A ƙasar Hausa duka, tun daga Tasawa har Zariya, akwai wata ƙa'ida ta makarantar allo wadda kowane yaro ya sani tun yana ƙarami, wato ba a wanke allo sai an riƙe abin da ke rubuce a kansa. Almajiri zai biya, malam ya saurara. In karatu ya zauna, a ce masa ya je ya wanke a yi masa ƙari, in kuwa bai zauna ba, rubutun jiya yana nan yana jiransa. Wannan tsohuwar ƙa'ida ita ce ta fid da wani saurayi ɗan Hawandawaki daga ruɗu a lokacin da ya fara koyon zane da na'ura. Labarinsa ya cancanci ƴan kasuwa da ma'aikata su saurara, domin da yawa daga cikinsu suna da ɗa ko ƙane a gida wanda ya ƙwallafa rai ga irin wannan aiki, su kuwa suna ta tambayar kansu ko sana'a ce ko ɓata lokaci.

Hawandawaki ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Tasawa, cikin jihar Maraɗi, dab da iyakar Najeriya. Mutanenta manoma ne na gero da dawa da wake da gyaɗa, kuma da zarar an kai amfani gida sai samari su bazu neman kuɗi, wasu Maraɗi, wasu Katsina da Kano. A gidan da saurayin ya tashi babu wanda ya taɓa kiran kansa mai zane, alhali kuwa zane ya cika gidan. Mahaifiyarsa tana saƙa faifai mai launi uku ba tare da ta ƙirga zare ba, kakansa kuma malami ne wanda ake kawo wa alluna daga ƙauyukan kewaye domin ya yi musu zayyana idan yaro zai yi saukar karatu. A gindin wannan tsoho yaron ya koyi feƙe alƙalamin kara da dama tawada da gawayi da ƙaro.

Da aka sa shi lakwal, mushe ya lura da hannunsa, ya mai da shi mai zana taswirar ƙasa a kan babban allon aji. A lokacin da yake lise a Tasawa, rubutun shagunan masu aski da teburan masu shayi shi ne ke saya masa sabulu da littattafai. Bayan ya sami bak, wani kawunsa da ke kasuwanci a Sabon Garin Zariya ya ɗauke shi, ya shekara yana koyon Ingilishi, sannan ya shiga sashen koyon zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Shekarunsa na farko duk a kan fensir da gawayi da fenti suka ƙare, kuma a nan ba shi da abin kunya.

A farkon shekarar 2023 ne ya ga cewa abokansa masu samun aikin kuɗi, irin su katin biki da bangon littafi da tallar kaya, duk da na'ura suke yi. Kawu ya ba shi wata tsohuwar kwamfuta, saura allon zane da alƙalaminsa. Ya aika gida. Mahaifinsa ya fid da buhu uku na wake da ya ɓoye don bazara, ya sayar tun farashi bai tashi ba, kuma duk ɗan kasuwa ya san irin asarar da ke cikin haka. Da ya kira shi a salula, maganar da ya yi masa ba ta da tsawo: "Na aiko. Ban san mi za ka yi da wanga abu ba, amma in wasa ne, ka sani da abincin ƙannenka kake wasa."

Abin da kuɗin wake suka saya wani baƙin faranti ne mai santsi, faɗinsa bai wuce na littafin makaranta ba, da igiyar da ake haɗa shi da kwamfuta, da alƙalami wanda ba ya shan tawada. A ƙarƙashin farantin akwai saƙar ƙananan wayoyi da ke gane inda bakin alƙalami yake da kuma nauyin da hannu ya ɗora masa. Da yawa daga cikin na zamanin nan suna rarrabe matakan danni 8192, ta yadda layi yake yin kauri ko siriri gwargwadon yadda aka danna. Kamfanin Wacom na Japan, wanda aka kafa a 1983, shi ya fi suna a wannan fanni, amma na Sin irin su Huion da XP-Pen su ne suka sauko da farashi har ɗan manomi ya iya taɓawa.

Ranar farko saurayin ya yi nufin zana da'ira, abin da yake yi ido rufe tun yana yaro, sai ga ta ta fito kamar ƙwan da aka taka. Dalili kuwa shi ne, irin wannan allo mai rahusa ba ya nuna komai a jikinsa. Hannu yana aiki a kan tebur, ido kuma yana kallon gilashin kwamfuta, inda layin yake bayyana. Shekara da shekaru ido da hannu suna zaune gida ɗaya, rana guda an raba musu ƙofa. Wanda ake yabo a aji ya koma kamar ɗan fari a makaranta, kuma sai da ya yi kusan mako biyu yana jan layuka da da'irori kawai kafin alƙalami ya fara sauka inda zuciya ta nufa. Ga kuma wahalar harshe: umarnin na'ura da Ingilishi, karatunsa na baya da Faransanci, tunaninsa da Hausa.

Wannan fasaha ba jiya aka fara ta ba. A 1963 wani ɗalibi mai suna Ivan Sutherland, a makarantar MIT ta Amurka, ya nuna cewa ana iya zane kai tsaye a fuskar kwamfuta. A 1990 aka fara sayar da Photoshop, aikin wasu ƴan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, kuma tun daga 2013 sababbin fitowarsa haya ake yi, ana biya wata-wata, abin da ke buƙatar katin banki wanda ɗalibin ƙauye ba shi da shi. Saboda haka saurayin ya koma ga Krita, wanda kyauta ne ga kowa. Ko manyan masu zane na duniya ba su raina wannan hanya ba: David Hockney na Ingila ya kama zane a kan iPad a 2010, yana da shekara fiye da 70.

To amma babbar jarrabawa ba ta zo ba sai da hannu ya saba. Na'urar tana da abubuwa biyu waɗanda takarda ba ta da su. Na farko shi ne falle-falle: mai zane yana iya ɗora sama a falle ɗaya, itatuwa a wani, mutane a wani, kamar fallayen gilashi da aka jera, ya gyara ɗaya ba tare da ya taɓa sauran ba. Na biyu kuma wani maɓalli ne wanda ya dace a kira shi "na fasa": duk layin da aka ja, in aka danna shi sai ya ɓace kamar ba a taɓa yi ba. A kan takarda kuskure yana da tsada, domin takarda kuɗi ce, fenti ma kuɗi ne, saboda haka mai zane yakan yi tunani kafin ya sa hannu. A kan na'ura kuwa kuskure ba ya cin ko dala. Saurayin ya ɗauki wannan a matsayin gata, ya riƙa jan layi ɗaya sau ashirin yana fasawa, yana tara fallaye har shi kansa ya manta abin da ke cikin kowanne. Mako uku suka wuce bai gama hoto ko ɗaya ba. Da dare yakan kwanta yana lissafin buhunan wake.

Wani malaminsu, dattijo Bazazzagi, ya tsaya a bayansa wata rana yana kallon yatsansa na hagu da ke kan maɓallin nan ba ya sauka. Ya tambaye shi ko ya yi makarantar allo, ya ce ya yi. Ya ce masa, "Yaushe ake wankewa?" Ya ce, "Sai an riƙe, Malam." Dattijon ya ce, "To kai tun ɗazu wankewa kake yi, me ka riƙe?" Daga nan ya gindaya masa sharaɗi na wata ɗaya: falle ɗaya tak, ba a taɓa maɓallin fasawa, kowane zane minti ashirin, kuma kowanne a ajiye shi da kwanan wata ko da ya yi muni. Da watan ya ƙare ya jera su duka, sai ya ga abin da bai taɓa gani ba: kullum yana gajarta wuyan raƙumi, kullum inuwarsa tana faɗawa ɓangare biyu a hoto ɗaya. Da yana sharewa, babu kuskuren da ya daɗe a gabansa har ya gane shi.

Jarrabawa ta biyu ta launi ce. Fuskar kwamfuta ƙananan ɗigo ne sama da miliyan biyu a mafi yawan na yanzu, kowane ɗigo kuma yana haɗa hasken ja da tsanwa da shuɗi, kowanne da matakai 256, wanda ya ba da launi 16,777,216. Mutumin da ya tashi da tawada baƙa da ja da ruwan ɗorawa, in aka zube masa wannan dukiya a gaba, dole ya yi ɓarna, kuma ya yi ta: hotunansa na farko sun yi ta ƙyalli kamar shagon kayan roba. Burusan da ke cikin na'ura su ma da halin ƙasar da aka ƙera su suke zuwa. A cikin tsofaffin burusan Photoshop akwai wanda da taɓawa ɗaya yake watsa ganyen wata itaciya ta ƙasashen sanyi, irin wadda ke jikin tutar Kanada, amma babu na gawo, babu na kalgo, babu na zangarniyar gero. Wanda bai yi hankali ba sai ya wayi gari yana zana gonar ubansa da itatuwan wasu.

A nan tarihin makarantarsa ya yi masa rana. A 1958 wasu ɗalibai na kwalejin da daga baya, a 1962, ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Ra'ayinsu shi ne a karɓi kayan aiki da dabarun Turawa, amma a cika su da abin gida. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya gina aikinsa a kai. Saurayin ya ga cewa tambayar da suka yi wa fenti da burushi ita ce ke gabansa game da na'ura. Sai ya feƙe alƙalamin kara, ya dama tawada yadda kakansa ya koya masa, ya ja layuka a takarda, ya ɗauki hotonsu, ya shigar da su a na'ura suka zama burushinsa na kansa. Launi kuma ya tsame guda goma sha biyu kacal daga hotunan abubuwan da ya sani: shuɗin baba na rini, jan karan dafi na dukawa, jar ƙasar gini, tokar murhu, farin ƙwarya. Daga ranar aka fara gane aikinsa ko bai sa suna ba.

A ƙarshen watan Yuni na 2023 ya zo gida Babbar Salla, ya tsaya taya noma. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, kuma a farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba ƙasar nan, wadda a wannan yanki take shigowa daga Katsina ta Gazawa. Mutane da dama sun ci gaba da ƙetarawa ta cikin daji, amma mahaifinsa ya ce ɗansa ba zai bi ɓarauniyar hanya da kwamfuta a baya ba. Haka ya zauna, zangon karatu ya wuce shi. Batirin tsohuwar kwamfutar ya riga ya mutu, sai ya koma haɗa allon da salularsa ta wata ƴar mahaɗa, yana kai ta caji wurin mai faifan hasken rana a bakin kasuwa. Cajin nan shi ya zama masa mai tsaron lokaci, domin in batiri ya ƙare aiki ya tsaya sai gobe.

A cikin wannan zama ne aikin kuɗi na farko ya zo. Wani alhaji a Tasawa mai sayar da man gyaɗa a kwalba ya nemi a yi masa takardar liƙawa mai sunansa. Saurayin ya yi mata gefe da zanen faifan mahaifiyarsa, ya sa ƙwayar gyaɗa a tsakiya, ya shimfiɗa shuɗin baba a baya. Alhaji ya gani a salula, ya yaba, ya ba da kuɗin bugawa. Da aka buga a wata maɗaba'a a Maraɗi, shuɗin ya fito a dushe kamar tsohon zane da ya sha wanki, bakin haruffa kuma ya yi zaƙo-zaƙo. Alhaji ya juya takardar a hannunsa, ya ce, "Yaro, ni abin da na gani a salula shi na saya."

Gaskiyar alhaji ce, kuma dalilan abin guda biyu ne waɗanda ya kamata duk mai ba da irin wannan aiki ya sani. Na farko, gilashi da haske yake yin launi, maɗaba'a kuwa da tawada huɗu take yi, wato shuɗi mai haske da ja mai ɗaukar shunayya da ruwan ɗorawa da baƙi, kuma akwai launukan da haske ke iya nunawa waɗanda tawada ba ta kai gare su; shuɗi mai zurfi yana cikin waɗanda suka fi ba da wahala. Na biyu, bugu mai kyau yana son ɗigo da yawa: takardar ofis guda, wadda ake kira A4, tana buƙatar ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Shi kuwa ya aika aikin ta WhatsApp a matsayin hoto, wanda ke matse shi ya zubar da yawancin ɗigon. Ya sake aikin, ya tsaya a gaban injin sai da aka buga masa gwaji guda ya gani da idonsa, kuma kuɗin bugu na biyu daga ladansa suka fita. Ya koma gida da kuɗin mota kawai. Amma kwalaben suka shiga kasuwa, kuma kafin kaka ta ƙare ƴan kasuwa uku sun aiko nemansa.

Kakansa ya daɗe yana kallon abin daga nesa. Wata yamma ya ce, "Aboki, miƙo mini allon naka in gani." Jikan ya nuna masa inda zai duba. Tsohon ya ja layi biyu suka karkace, ya yi dariya, ya gyara zama, sannan ya ja kusurwar zayyana guda, a hankali, ba tare da ya ɗaga hannu ba. Da aka nuna masa maɓallin fasawa sai ya ce shi bai saba fara abin da bai gama gani a zuci ba. Ya mayar da alƙalamin, ya ce, "Allonka yana da kyau, sai dai ba ya gardama. Itace yakan yi gardama, tawada takan yi, su ke hana mutum gaggawa. Wanga kuwa kai za ka hana kanka." Maganar zana abu mai rai, wadda malamai suka daɗe suna tattaunawa, ba su buɗe ta ba a ranar, domin ayyukan kasuwar da saurayin ke yi sun fi karkata ga zayyana da rubutu da amfanin gona.

Mai karatu zai iya cewa, to ai tun 2022 an sami na'urori irin su Midjourney da DALL-E waɗanda ake rubuta musu jimla ɗaya su fito da hoto cikin ƙiftawar ido, me zai sa a biya mutum? Tambaya ce mai nauyi, kuma babu shakka wasu ƙananan ayyuka za su kuɓuce wa masu zane. Sai dai waɗannan na'urori daga hotunan da ke cikin intanet suka koya, hotunan ƙasar nan kuwa kaɗan ne a ciki. Gawo yakan zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, saɓanin sauran itatuwa. Hoton da ya sa masa ganye a tsakiyar gero mai kai, manomin Mayahi ko na Korgom zai gane ƙaryarsa kafin ya karanta rubutun da ke ƙasa. Hoton faɗakarwa na asibiti ko na ma'aikatar noma wanda mutanen ƙauye ba su ga kansu a ciki ba, kuɗin gwamnati ne aka liƙa a bango. Abin da ɗan ƙasa zai sayar shi ne sanin da ya tashi da shi, irin wanda ke jikin gidajen Birni a Damagaram da aikin askar babbar riga da faifan mata.

Saboda haka ɗan kasuwan da zai ba da aiki ya raba kuɗin zane da kuɗin bugu, kada ya ɗauki na farko a matsayin gyara, kuma ya nemi ganin gwaji a takarda kafin a buga da yawa. Ma'aikacin da ke da ta cewa a sha'anin makarantu ya duba yadda lokacin zane yake zama na farko da ake haɗiyewa idan jarrabawa ta matso, alhali hannun da bai saba da fensir ba, na'ura ba za ta ƙara masa komai ba. Uban da ɗansa ya roƙe shi allon zane kuma, ya fara cewa a kawo masa zanen takarda na wata uku ya gani. In akwai su, kuɗinsa ba za su faɗi banza ba.

An buɗe iyaka a watan Maris na 2024, saurayin ya koma Zariya a bayan ƴan ajinsu. Daga ayyukan da yake samu ya riga ya mayar wa mahaifinsa kuɗin buhu biyu, saura ɗaya. Dattijon har yanzu bai furta ko abin sana'a ne ko wasa ba, amma ranar kasuwar Tasawa an gan shi ya tsaya a gaban teburin mai man gyaɗa, ya ɗauki kwalba ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambayi mai tebur ko ya san ɗan wane ne ya yi wannan aiki.